Ƙasar Gona a Cikin Dam: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaizaya a Saman Tiga da Challawa

Da an yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi a farkon damina, rafuffukan Doguwa da Tudun Wada da Rogo da Ƙaraye sai su koma jawur. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke ta dawowa duk lokacin da aka zauna da manoma da masu unguwanni da malaman gona a kan wannan jan ruwa. Wasu manoma ne suka yi su, wasu kuma ma'aikatan da aka turo su shawo kan manoman.

1. Mece ce "magangarar ruwa" da ma'aikata ke ta ambata a taro?

Dubi soro. Duk ruwan da ya sauka a kan rufi, ta gabas ko ta yamma, indararo ɗaya yake bi ya zuba a randa. Idan yaɓen rufin ya fara zuba, jan ruwa za a tara. To gonaki da dazuzzuka da hanyoyi su ne rufin, rafi ne indararon, dam kuma ita ce randar. Duk filin da ruwansa ke ƙarewa a kogi ɗaya, shi ne magangarar wannan kogi.

Kogin Kano ya taso daga tsaunukan da ke wajen Filato, ya ratsa Dajin Falgore, ya shiga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kogin Challawa kuma an tare shi a ƙasar Ƙaraye a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa kusa da Tamburawa, su wuce Wudil, su zama Kogin Haɗeja, su bi ta fadamun Haɗeja da Nguru har Gashuwa. Mai huɗa a Doguwa da mai kamun kifi a Nguru ba su taɓa gaisawa ba, amma rufi ɗaya suke ƙarƙashi.

2. Ai tun kaka da kakanni ruwan damina ja ne. Me ya canja yanzu?

Gaskiya ne, Baba, kogi bai taɓa zuwa fari tas a watan Agusta ba. Amma a da gona takan huta. A noma ta 'yan shekaru, a bar ta saura, ciyawa da sabara su rufe ta. Yanzu gonar da uba ya noma shi kaɗai 'ya'ya biyar ne suka raba, ba wanda ke da abin barin saura. Kara da harawa sun zama kuɗi, ana kwashe su tas kafin hunturu ya wuce. Masu gawayi sun shiga daji. Ruwan farko yana sauka ne a kan ƙasa tsirara, wadda rana ta gasa wata bakwai.

Na biyu, a da lakar tana da wurin zuwa. Ambaliya takan shimfiɗa ta a fadama, ta zama taki ga mai shinkafa. Da aka gina dam, ruwa yana isowa ya tsaya cik, abin da ya ɗauko kuma ya kwanta a ƙasa, ba mai fitar da shi.

3. Ƙasa nawa ce ke tafiya, kuma ina take ƙarewa?

Ga lissafin da kowa zai iya yi. Idan ruwa ya kankare kaurin milimita ɗaya kacal daga saman hekta guda, abin da bai kai kaurin ashana ba, ƙasar da ta tafi ta kai kimanin tan 14. Lodin tifa ke nan cur, kuma mai gona ba zai ga alamar komai ba. Abin da zai lura da shi bayan shekaru shi ne tsakuwa ta yi yawa a gona, saiwar bishiya ta fito waje, buhun takin da a da ke isa yanzu ba ya isa. Wadda ke tafiya ɗin kuwa ita ce ta sama, mai laushi, wadda ta sha takin gida da na zamani.

Yashi mai nauyi ne, shi ke fara zama: ya cike rafi, ya binne fadamar maƙwabci, ya taru a bakin dam. Laka mai laushi ita ke yin nisa. Tana rage wa dam ciki, ta kwanta a magudanan noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure har sai an yashe. A matatar ruwa irin ta Challawa da Tamburawa, duk yadda ruwa ya ƙara gurɓata haka ake ƙara zuba alimun kafin ya kwanta. Wadda ta taso daga gonakin da ke ƙasa da madatsun kuma ita ke gangarawa Haɗeja, inda ta haɗa baki da kachala: laka ta kwanta, kachala ta tsiro a kanta, kachalar ta ƙara tare wata lakar, hanyar ruwa ta toshe, ruwa ya fasa ta inda ba a so. Tsuntsun jan baki kuma ya samu masauki a cikinta ya riƙa sauka a gonakin shinkafa.

4. To ni da ko famfo babu a garinmu, me ya haɗa ni da ruwan mutanen birni?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace gaskiya, kuma ma'aikacin da ya ji haushinta gara ya canja sana'a. Ba wanda zai sa mutum ya kwashi dutse a tsakar rana cikin watan Afrilu don wani a unguwar Nasarawa ta birnin Kano ya sha ruwa garau. Ban taɓa ganin manomin da ya tare ƙasa saboda dam ba. Waɗanda na ga sun yi, sun yi ne don sun gaji da sayen taki ruwa yana kai wa na ƙasa da su.

Don haka amsar ita ce: bar batun birni, dubi gonarka. Ruwan da ya gudu da ƙasarka shi ne ruwan da dawarka za ta nema idan aka yi fari na kwana goma a tsakiyar damina. Duk abin da ya sa ruwa ya dakata ya nutse a gonarka, kai ne farkon cin moriyarsa, kai da rijiyar unguwarku. Tsabtar dam gyara ce da ke biyowa baya. Ko ya kamata na birni su sa hannu a aljihu, wannan magana ce mai tushe, tana a tambaya ta 11.

5. Laifin manoma ne duka? Daga ina lakar ta fi fitowa?

A'a, kuma kuskure ne a shiga gari da wannan zato. Idan ka bi rafi da ƙafa bayan ruwa ya ɗauke, za ka ga jan ruwan ba daidai yake shigowa ta ko'ina ba. Wurare kaɗan ne ke zubo mafi yawansa: bakin kwazazzabo da ke ci gaba da rufzawa, gaɓar rafin da aka nome har bakin ruwa, burtalin da kofato ya daka ya zama gari, ramin masu yashi da masu bulo, sai kuma kwalbati. Sau da yawa kwazazzabon da ya raba gari biyu daga bakin kwalbatin titi ya faro, inda aka tattara ruwan wuri mai faɗi aka sake shi a kan gonar wani bawan Allah, ba a yi masa mazubi ba.

Shi ya sa kafin a raba aiki ake fara zagaye. Gona ɗari da ke kan shimfiɗaɗɗen fili ba lalle su kai kwazazzabo ɗaya ɓarna ba.

6. Me zan iya yi a gonata bana, ba tare da na jira kowa ba?

Fara da kunya. Mutane da yawa suna huɗa bin gangare, daga tudu zuwa kwari, don ya fi sauƙi ga shanu, kuma ruwa ba ya kwanciya. Amma kowace kwarin kunya ta zama ƙaramar magudanar ruwa ke nan. Juya huɗar ta gitta gangaren. Inda ƙasa ke da yashi, a riƙa ɗaure kwarin kunya da 'yar ƙasa kowane taku biyu ko uku, ruwa ya tsaya gida-gida. Inda laka ta yi yawa kuwa, a bar wa ruwa mafita a hankali, kada masara ta jiƙe ta yi rawaya.

Sai layin tsaro. Idan akwai dutse kusa, a jera shi gicciye, a ɗan binne na ƙasa, tsayin bai wuce taƙi ɗaya ko fiye da haka kaɗan ba. Ba a so ya hana ruwa wucewa, ana so ne ya rage masa gudu ya ajiye kayan da ya ɗauko. Inda babu dutse, gamba ko jema suna yin wannan aiki, kuma gamba ba asara ba ce: zana ce, jinka ce, abincin dabba ne. Abin da ke ɓata aikin shi ne layin ya karkace, domin ruwa zai bi shi ya taru a gefe ɗaya ya fasa. Ido yana ruɗi. A samu siririn tiyo mai garai-garai irin na magina, a cika shi da ruwa, a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna masu alama iri ɗaya. Inda ruwan ya tsaya daidai a sandunan biyu, wuraren nan tsayinsu ɗaya, a kafa fegi. Yara biyu 'yan makaranta za su iya auna hekta a yini.

Na uku shi ne mafi wuya: barin wani abu daga cikin kara a kwance a gona. Na san kara kuɗi ne, kuma abin da ka bari shanun wani ne za su cinye (duba tambaya ta 12). Ko da a wurin da ya fi gangare kaɗai aka shimfiɗa, ya fi babu.

7. Muna jin labarin tassa da rabin wata a Nijar. Za su yi a wajenmu?

Za su yi, amma ba ko'ina ba. Tassa ƙananan ramuka ne da ake haƙawa da rani a kan fako, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu, a tara ƙasar a gefen gangare, a shuka idan ruwa ya sauka. Gara na bin takin, tana huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Rabin wata kuma babban rami ne mai siffar jinjirin wata, bakinsa na kallon tudu, akan yi kusan 300 a hekta. A ƙarshen shekarun 1980 aka ɗebi wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa aka kai su Yatenga a Burkina Faso, suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada. Abin ya kai har mutane suna sayen fakon da a da ko kyauta ba mai so.

Sai dai Tawa ba Doguwa ba ce. An yi waɗannan dabaru ne don ƙasar da ruwa ke ƙaranci. Kudancin Kano na samun ruwa fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma rami a ƙasa mai laka sai ya zama tafki ya kashe shuka. A nan, a ajiye su don fako da tudun da ya mutu. Sauran gona, abin da ke tambaya ta 6 ya fi dacewa.

8. Bishiya a gona ba inuwa da tsuntsaye kawai take jawowa ba?

Ya danganta da bishiyar. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya tare wa shuka rana, kuma kowa ya san yadda gero ke yi a gindinsa. Ba ma sai an sayi dashe ba. A Maraɗi tun daga 1983 aka fara abin da suke kira sassabin zamani: lokacin sharar gona, maimakon a sassabe duk tohon kalgo da sabara da ke fitowa daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Saiwar tana nan da ranta tun tuni, shi ya sa yake saurin girma fiye da dashe. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar ya kai hekta miliyan 5.

Abin da ya ɗaure wa aikin gindi a can shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. Muddin mutum na tsoron ma'aikacin daji zai ci shi tara idan ya sare reshe a gonarsa, to tun yana toho zai kashe shi.

9. Gonar aro ce a hannuna. In gyara wa mai ita?

Nan ne ayyuka da yawa ke mutuwa ba a sani ba. Mai aro da mai haya da mai riƙe da jingina duk suna da dalilin ƙin jera dutse: yau ka gyara, baɗi mai gona ya ga ta yi kyau ya ce ɗansa zai noma. Shi ma mai gonar yana da nasa tsoron, domin a al'ada dasa itace alamar mallaka ce.

Mafita ita ce a yi magana kafin a ɗauki dutse na farko. A zauna gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, a yanka shekarun da mai aro zai ci moriyar aikinsa, huɗu ko biyar, a faɗa a fili cewa itace da gona na mai gona ne, a rubuta ko da a takardar littafin makaranta ce, kowa ya riƙe kwafi. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, amma a aikace shaidar dagaci ita ke raba gardama tun ba a kai ga alƙali ba. Gonar gado da ba a raba ba ita ma haka: a nemi yardar magada, har da mata, kada a tsaya ga babban wa kaɗai.

10. Kwazazzabo ya kusa cin rabin gonata. In cike shi da ƙasa da shara?

Kada ka soma. Abin da ka zuba ruwan farko zai kwashe, ka ƙara wa rafi kaya. Kwazazzabo daga kansa yake ci, yana ja da baya zuwa tudu, kuma ruwan da ke ciyar da shi daga gonakin sama yake zuwa. Maganinsa yana farawa ne a gonar da ba ta da matsala, wato ta maƙwabcinka na tudu. Shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne, aikin gayya ne.

Idan bai wuce ƙugu ba, ana iya shawo kansa: a rage ruwan da ke shigowa ta sama, a jera ƙananan shingaye na dutse ko turaku da rassa a cikinsa, gajeru da yawa maimakon dogo ɗaya, tsakiyar kowanne ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta kai kada ya zagaye, a shimfiɗa dutse inda ruwan ke faɗowa. Da laka ta taru a bayansu, a dasa jema ko gamba, a hana dabba shiga shekara biyu. Wanda ya fi tsayin mutum kuwa, ko ya doshi gidaje da maƙabarta, ya wuce gayya, sai injiniya da kuɗin hukuma.

Na taɓa ganin wani gari da aka kawo wa ragar waya aka cika da duwatsu, aiki mai kyau, ɗan kwangila ya gama ya tafi ba wanda ya zauna da mutanen gari. Rani biyu aka yi, ragar ta koma shingen lambu da kejin kaji, duwatsun suka watse. Da na tambaya, wani dattijo ya ce da ni, "Malam, ai na gwamnati ne."

11. Za a biya mu? In ba za a biya ba, me ya sa?

Biya na da wurinsa. Aikin da ke kan filin kowa da kowa, kamar babban kwazazzabo ko makiyaya ko gaɓar kogi, dole a biya lada, don ba wanda zai bar neman abincin gidansa ya yi wa gari aiki wata guda. Haka kuma abin da ya fi ƙarfin manomi, kamar motar ɗauko dutse, ya kamata shiri ya ɗauka. Amma a biya mutum don ya gyara gonar kansa, wannan yakan zama tarko. A Maraɗi lokacin yunwar 1984 an haɗa rainon itace da rabon abinci; da rabon ya ƙare, da yawa suka sare abin da suka raina. Waɗanda suka bar nasu suka ga amfani, daga wurinsu ne abin ya bazu, ba tare da ko sisi ba.

Batun na ƙasa su taimaki na sama kuma ba mafarki ba ne. A Kenya an kafa asusu a 2015 wanda masu amfani da ruwan Kogin Tana, har da kamfanonin ruwa da na lantarki, ke zuba kuɗi a ciki don tallafa wa manoman tudu su tare ƙasarsu, saboda yawancin ruwan Nairobi daga can yake zuwa. A nan gida akwai shirin farfaɗo da ƙasa da ake kira ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Shiri dai yana da ranar ƙarewa. Tambayar da ya kamata gari ya yi tun ranar farko ita ce wa zai gyara shingen idan ya fashe bayan motocin sun daina zuwa.

12. Makiyaya da masu tifar yashi fa? Mu kaɗai za a sa wa ido?

Duk yarjejeniyar da aka ƙulla babu arɗo a wurin, ta rushe tun ba a tashi ba. Idan za a killace wani wuri don ciyawa ta dawo, a faɗi tsawon lokacin, a bar burtali da mashaya a buɗe, a kuma yarda wa zai yanki ciyawar idan ta yi. Manoma su ma su tuna burtalin da aka cinye da noma shi ke matse shanu a siririyar hanya har ta zama kwazazzabo. Tsohuwar al'adar nan ta a sauki makiyayi a gona da rani, ya ci kara ya bar taki, ta fi duk wani taron sulhu amfani ga ƙasa.

Masu yashi kuwa lasisinsu ba a hannun gari yake ba, amma gari na iya tsayawa kan cewa ba a haƙa a jikin gaɓa ko kusa da gada, kuma dagacin da ke karɓar na goro a kan kowace tifa ba shi da bakin yi wa manomi wa'azi.

13. Ni malamin gona ne, an turo ni sabon wuri. Ta ina zan fara?

Ka gaida hakimi da dagaci da liman, wannan ba a tsallake shi. Amma kada ka ɗauka taron ƙofar fada shi ne aikin. A taro kowa "to" zai ce. Ka nemi a zagaya da kai, ka bar dattawa su nuna maka inda rafi yake a da, da rijiyar da ta ƙafe, da gonar da yashi ya binne. A kowane gari akwai mutum ɗaya ko biyu da tuni suke jera dutse ko barin gawo ba wanda ya sa su. Da su za ka fara, a gonar da ke bakin hanyar kasuwa, rabi a gyara rabi a bari yadda take.

Ka zo da rani, tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da hannu ya sarara. Wanda ya zo da maganar dutse ana tsakiyar noman farko ya zo shan rana ne kawai. Ka nemi hanyar jin ta bakin mata ta wurin malama ko ungozoma, domin da yawansu suna da gonakin gado, kuma su suka san itacen da ke ba da miya da wanda ke ba da wuta. Idan akwai kuɗin mota, gara ka kwashi manoma goma ka kai su garin da aikin ya yi kyau da ka buga allon sanarwa. Kuma kada ka yi alkawarin taki ko rijiya in ba a hannunka suke ba. Wanda ya riga ka zuwa ya yi, shi ya sa ake maka kallon da ake maka.

14. Yaya za mu gane aikin yana ci?

Ba sai da na'ura ba. A samu kwalabe masu garai-garai iri ɗaya. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, a ɗebi ruwa a wuri ɗaya, ɗaya daga bakin gonar da aka gyara, ɗaya daga wadda ba a gyara ba, a ajiye su kwana guda, a ja layi inda lakar ta tsaya, a rubuta kwanan wata. A kafa turke taku biyar daga kan kwazazzabo kafin damina, a sake aunawa da kaka. A soka sanda a bayan layin dutse a ga kaurin ƙasar da ta taru. A riƙa lura da watan da rijiyar unguwa ke ƙafewa.

A gona ana ganin bambanci a damina ɗaya ko biyu. A kogi kuwa sai an yi haƙuri, domin yashin da ya riga ya sauka cikin rafuffuka shekara da shekaru yana nan yana tafiya a hankali, kuma zai ci gaba da isa Tiga da Challawa ko da yau kowace gona ta daina zuba. Shekarar da aka yi ruwa da yawa ma kwalbar na iya fin ta bara laka alhali aikin yana kyau, shi ya sa ake cika kwalabe biyu a rana ɗaya, ba a gwada ta bana da ta bara.